Mai Gurmin da Aka Tura Tsakiyar Gulbi

A gidan kakarmu na Argungu ba a hura wuta don tatsuniya. Wutar aiki ce. Lokacin girbi, Inna Kulu takan ɗora babbar tukunya bayan magariba ta turara shinkafar da za a shanya da safe, mu kuwa jikoki mu kewaye murhun, tururi mai ƙamshin ƙaiƙayi yana dukan fuskokinmu. Ni ce ƙaramarsu, mai yawan bin hayaƙi da ido. Yayana Nasiru, wanda Inna ke kira angonta, ba ya magana sai an tambaye shi. Balki, 'yar kawunmu, ita ce sarauniyar gardama. Ko cewa aka yi Gizo ya ci wake sai ta tambayi wanda ya gani.

"Ta taho, ku ba ta wuri," haka Inna ke buɗe tatsuniya. Mu amsa, "Ga tabarma, ta zauna."

Akwai guda ɗaya da ba ta taɓa bayarwa cikin raha ba. Wani mai gurmi ne ya sauka a garin masunta. Kullum da la'asar yakan zauna bakin gulbi ya rera waƙar wanda ruwa ya ci: yadda kwalekwale ke dawowa babu mai shi, yadda uwa ke mantawa ta zuba masa tuwo. A garin akwai wata tsohuwa, Tabawa, wadda ɗanta ya nutse, kuma tun daga ranar, hawaye ya ƙi zuwa mata, abinci ya ƙi shiga. Da ta ji waƙar sai ta yi kuka har zaninta ya jiƙe, ta koma gida ta ci tuwo. Daga nan ba ta sake fashin zuwa ba.

Sai masunta biyu suka fara musu. Na farko ya ce mutumin maƙaryaci ne, a dubi tafin hannunsa, bai taɓa jan tarun kamun kifi ba. Na biyu ya rantse ɗan masunta ne yake ɓoyewa, don wanda bai sha ruwan gulbi ba ba zai iya wannan waƙa ba. Gari ya rabu biyu, har aka daina sayen kifin juna. Abu ɗaya kaɗai suka yarda da shi: a gwada ko ya iya ruwa. Suka kama mai gurmi suka sa a kwalekwale, suka tura shi tsakiyar ruwa, yana ta cewa shi bai taɓa ce wa kowa masunci ne shi ba. Kwalekwale ya kife. An ciro shi da rai, amma gurmin ya bi ruwa, shi kuma ya bar garin ko sallama babu.

Washegari Tabawa ta zo ta zauna a wurinta. Na farkon ya iso yana taƙama, ya ce, "Iya, mun gano gaskiya."

A nan muryar Inna ke canzawa, ta buga muciya a bakin tukunya. "Tac ce, 'Ni makauniya ce? Tun ran hwarko nig ga hannunai. Mi ya dame ni da hannunai? Gaskiyar taku ku dahwa ku ci!'" Sai ta zuba mana ido. "To, wa ya hi laihi?"

"Mai gurmin," in ji Balki. "Ya yaudari mutane."

"Tashi ki ba ni wuri, mai bakin reza! Angona, kai hwa?"

Nasiru ya sunkuyar da kai. Ni na ce na farkon ne. Inna ta yi tsaki ta ci gaba da juya shinkafarta, ba ta ko rufe tatsuniyar ba.

Inna ta rasu da daɗewa. Abin da ya dawo mini da muryarta shi ne bara, da ruwa ya cinye gonar shinkafar Yaya Nasiru a Zauro ana gab da yanka. Ya dawo gidanmu na Badariya ya zama kamar inuwa. A cikin kwanakin ne wata ƙungiyar samari masu kiɗan rok, masu jita da ganguna, da muke so tun muna makaranta, ta saki sabon albam. A ciki akwai waƙar mutumin da ke tsaye a kan tudu yana nuna wa ɗansa inda gonarsu take a ƙarƙashin ruwa. Nasiru ya riƙa sa ta a zaure, ta ƙare ya maimaita. Wata rana na zo wucewa na ji shesshekarsa, na koma da baya a hankali. A makon ya fita neman irin noman rani.

Masoya ƙungiyar kuwa sun kaure a waya. Wasu suka ce tsofaffin waƙoƙin sun fi, wannan roƙon hawaye ne kawai. Wasu suka ce ba a taɓa yin waƙar da ta san ciwon talaka kamarta ba, har suna rantsuwa mawaƙin ɗan manoma ne. Musun ya shigo zauren danginmu na waya. Balki, da ke aiki Abuja yanzu, ta tono hotunan mawaƙin: haifaffen birni, gidan bene, karatu a ƙasar waje. Ta turo ta rubuta, "Ga manomin naku," da fuskokin dariya.

Na kira ta, ni da ake cewa ba na iya faɗa.

"Balki, kin san wa ke cikin zauren nan?"

"To ƙarya na yi? Ke matsalarki kenan, malama mai baituka, komai sai kin sa masa zuma."

"Ba wanda ya tambaye ki gaskiya. Musu kike son ci, kin kuma ci. Allah ya ba ki lada!"

Na kashe wayar. Har yau ba mu gaisa ba.

Da na tambayi Nasiru, sai ya ce ya goge waƙar. "Hadiza, kunya na ji. Ɗan masu kuɗi ya sa ni kuka, shi ko lauje bai taɓa riƙewa ba."

Na so in faɗa masa maganar Tabawa, sai na ga ba za ta yi ba. Tabawa ta ga hannun tun farko, ta zaɓi waƙar. Yayana bai gani ba, an cusa masa a ido gaban dangi. Yanzu na gane abin da ya sa Inna ke tsaki duk amsar da muka bayar. Mai cewa ƙarya ce da mai rantsuwa gaskiya ce, hannu biyu ne suka tura kwalekwale ɗaya, kuma babu wanda ya waiwayi matar da ke zaune a bakin ruwa. Ina jin haushin Balki, ina jin haushin masu rantsuwar da suka ba ta abin tonowa, kuma ban ga ranar hucewa ba.

Ni ban goge tawa ba. Ina sa ta in ina wanke-wanke a tsakar gida, da ƙarfi, da gangan. Jiya Yaya Nasiru ya tsaya a ƙofar zaure da buhun taki a kafaɗa, yana saurare.

"Hadiza," ya ce, "rage murya."

Bai ce in kashe ba.