Jif ɗin Badaru Ta Yi Damina a Gona

Badaru ɗan kawuna ne, wato abokin wasana, saboda haka duk abin da zan faɗa a kansa ba shi da inda zai kai ƙara. Yana cewa ni bawansa ne, ina cewa shi ne nawa, har yau ba a raba gardamar ba.

Shekara ashirin da biyu ya yi yana tuƙa wani attajiri a birnin Kano. Da tsufa ya zaunar da maigidan, sai ya sallame shi da tsohuwar jif ɗin da suka yi ta yawo a ciki: baƙa wuluk, kujerun fata, ga esi, ga giyar nan da ke sa tayoyi huɗu su ja tare. Ranar da ya kawo ta ƙauyenmu na wajen Bagwai, sai da aka rushe rabin katangar gidan kafin ta shiga.

Makanike bai taɓa sa mata hannu ba. Da kansa yake juye baƙin mai, ya wanke fulogi da buroshin haƙori, ya shige ƙarƙashinta tun hantsi har azahar. In ka yi sallama, ƙafafunsa ne ke amsawa. Ɓera ya taɓa gutsurar wata waya, Badaru ya yi mako guda yana farautarsa, har ɓerayen maƙwabta suka yi hijira.

Sai ga shekarar da aka cire tallafin mai. Jif kuwa shan fetur take kamar ana tsiyaya shi a rami. Ta daina fita. Amma wai mota in ta zauna lalacewa take yi, don haka kullum da safe sai ya tashe ta, gaba taku biyar, baya taku biyar, ya kashe. Shi ma zaman ya gagare shi. Ya zauna, ya miƙe, ya danna taya da yatsa, ya buɗe bonet, ya rufe, ya sake buɗewa. Da batir ya mutu, ya ja jakinsa kasuwa ya sayar, ya dawo da sabon batir a ka.

Jakin nan shi ne ya zama magana. Takin zamani ya fi ƙarfin kowa, gonar Badaru kuma ta gaji. Geron bara ko bazara bai kai su ba. Surukinsa Malam Iliyasu yana da shanu a hayin rafi, ya aiko cewa ga taki nan tsibi guda, a zo a kwasa kyauta. To da me? Kowa jakinsa na kan nasa aikin, ba mai ba da aro. A wajenmu kuwa gona manne take da gona. Ruwan farko na sauka kowa zai shuka har bakin hanya, abin da zai rage sai 'yar turbar da jaki ma karkacewa yake yi kafin ya wuce. In taki bai shiga ba kafin nan, sai wata shekarar. Ga hadari ya fara leƙowa ta gabas.

Na same shi yana goge madubi. Na ce, "Ranka ya daɗe, mai jif ba jaki. Ga mangala mai taya huɗu a gabanka, kana neman aro?"

Ya juyo kamar zai haɗiye ni. "Kai Mati, kashin shanu? A nan? Ka san su wa suka zauna a kujerun nan?"

"Na san wanda zai zauna da yunwa dai."

"Bawan banza. Fita mini daga gida."

Matarsa Furera tana tankaɗe a bakin ɗaki, ba ta ko ɗago ba. Ta ce, "Malam, ƙyale shi. In rumbu ya ƙare sai ka kunna mana esi, mu shiga da yara mu sha iska mu ƙoshi."

Kwana uku Badaru bai zauna ba. Ya je gona ya dunƙula ƙasa, ta zube ta tsakanin yatsunsa kamar gari. Ya dawo ya leƙa rumbu. Ya je ya dubi gabas. Ya jijjiga galan ɗin fetur ɗaya da ya ɓoye don tayar da motar da safe, ya ajiye, ya sake jijjigawa ko ya ƙaru. Har a sahun salla, in liman ya yi sallama, wuyansa na wajen taga.

Ranar Asabar da sassafe aka ce yana kirana. Na tarar ya kwance kujerun baya da sifana, ya jera notocin a kwano, ya kai kujerun zaure ya lulluɓe su da zanen Furera. Cikin motar kuwa leda, kan leda buhu, kan buhu tabarma.

Ya ce, "Ɗauki shebur. In ka yi dariya zan taka ka."

Na yi, bai taka ni ba.

Malam Iliyasu ya fito ya ga abin da ya tsaya a bakin garkensa, ya ce, "Badaru, gwamna ne ya zo ɗiban taki?"

Badaru ya durƙusa ya ce, "Ni ne, Baba."

Muka loda har rufi. A dawowa, tsakiyar rafi, yashi ya kama mu. Na ce shi ke nan, a nan za a yi mata sadakar uku. Badaru ya yi bismilla, ya kama ƙaramar giyar nan da tunda ya zo ƙauye bai taɓa samun dalilin sa ta ba. Motar ta yi gurnani, ta haye kamar an ɗaga ta da hannu. Sai ga mutumin nan yana ihu, ƙudaje na shiga bakinsa: "Ka gani? Ka gani, bawa? Jakin uban wa zai yi wannan?"

Sawu huɗu muka yi. A na huɗu iska ta taso, gari ya yi duhu, allurar mai ta kwanta. Ya shiga da ita har tsakiyar gona don mu juye, ta yi tari biyu ta mutu. Muna zubar da shebur na ƙarshe ruwa ya tsuge.

Kafin ya samo wani galan, kowa ya shuka, hanya ta rufe. Fitar da ita sai an tattake shukar gida biyar, Badaru kuma bai isa ba. Ya shuka geronsa ya zagaye ta, ya kwance batir ya kai ɗaki. Duk daminar nan, kullum da safe ya tafi gona da fartanya a kafaɗa da tsumma a aljihu, ya yi noma, ya goge gilashi, ya leƙa ƙasa ko gara ta fara.

Geron ya tashi ya rufe ta ruf. Ni dai na ce tsawonsa ya kai rimi, shi ya ce in ji tsoron Allah. Bayan girbi ta fito da dammuna ɗaure a samanta, rumbun Furera ya cika har ana dannawa da ƙafa.

Wari kuwa yana nan, ya ƙarar da turare kwalba bakwai a banza. Kujerun ma suna zaure, bai mayar ba. Wai sai ya ga yadda takin baɗi zai kasance.