Ƙulli Talatin da Ɗaya

Shekara goma sha uku ke nan tun daminar da kogi ya batse ya ci gidajen Toukra, danginmu na can suka kwaso tabarmi da tukwane suka cika mana tsakar gida a unguwarmu ta Amriguébé. A daminar nan aka haifi 'yata Tarana a ɗakin matata. A ƙarshenta kuma muka kai Gwaggo Hakama makwancinta. Yayar mahaifina ce, ita ce kuma ta ƙarshe da ta san sunayen mutanenmu duka.

Sunan da liman ya raɗa mini Usman ne. Amma a gidanmu ba a taɓa tsayawa a sunan yanka ba. In maza sun shafa fatiha sun watse, sai Gwaggo ta shiga ɗakin mai jego, ta ɗauki jinjiri, ta ciro wata igiyar kaba da ta yi baƙi don tsufa, ta taɓa ƙulli ɗaya a goshinsa, ta faɗi suna na biyu. Shi muke kira sunan hanya. Nawa Nomau. A kasuwa inda nake sayar da goro, maƙwabtana Larabawa sun yi shekara talatin suna tambayata ko sunan mutum ne ko na jaki.

Asalin abin kuwa, kakanninmu su talatin da ɗaya ne suka taso daga ƙasar Daura a ƙafa, da niyyar aikin hajji. Wasu sun faɗi tun a farkon ƙasar Borno, wasu a Dikwa. Waɗanda suka tsallake kogi guzuri ya ƙare musu a nan, suka ce bari su yi noma shekara ɗaya su ci gaba. Shekarar nan ɗaya ita ce har yau ba ta ƙare ba. Babu ko ɗayansu da ya ga Ka'aba. Sai uwar Gwaggo ta ƙulla igiya, kowane matafiyi ƙulli guda, ta ce duk ɗan da aka haifa a gidan a ɗora masa sunan ɗaya daga cikinsu, in Allah Ya kai shi Makka ya yi wa mai sunan ɗawafi, ya cika masa tafiyarsa.

Gwaggo ba ta ba da suna shi kaɗai, sai da labarinsa. Ni ta ce mini Nomau na farko shi ne mai ɗaukar salkar ruwa. Saura kwana biyu su iso kogi maciji ya sare shi, kafin ya cika ya tuɓe takalmansa ya ba wata mata mai ciki. "Kai ma haka kake," in ji ta, "ga haƙuri, ga nawa. Da kai ne a ayarin, da har yau kuna Kano kuna ɗaurin kaya."

Doka biyu ce ga igiyar. Ba a faɗa wa baƙo sunan da bai sami mai ɗauka ba tukuna, ba a kuma faɗa wa yaron da bai yi aure ba. Shi ya sa da ƙarfin Gwaggo ya fara ƙarewa, ta duba matan gidan ba ta ga mai son karɓa ba, ba ta yarda a kira malamin unguwa ya rubuta ba, ba ta kuma yarda da 'ya'yanmu 'yan lekol ba, wato 'yan makarantar boko. Sai ta ce mini, "Kai za ka rubuta." Na ce, "Gwaggo, ni da ko sunana ban iya sa wa a takarda ba?" Ta ce, "To je ka koyo. Ina nan, ba inda za ni."

Haka na shiga ajin manya ina da shekara arba'in da ɗaya. Bayan la'asar nakan rufe huhun goro in je in zauna kan benci, gwiwata na dukan tebur. Metir ɗinmu, wato malamin ajin, yakan ce gemu ba ya hana ilimi. Gaskiya ne bai hana ba, amma icen da ya bushe ba ya tanƙwaruwa da wuri. Na yi wata bakwai kafin haruffa su daina yi mini kama da tururuwa.

Bayan sunan Tarana da 'yan kwanaki, Gwaggo ta kira ni zaure ta ce in kawo kaye, wato littafin rubutu, da biro. Tarana ce ta goma sha tara da aka ba suna, saura goma sha biyu a bakin Gwaggo. Ta kama ƙulli ta ce, "Magawata." Na duƙufa, gumi na ɗiga a takarda. Ta ce, "Barmo." Ta ce, "Cima." Da na ɗaga kai na dubi abin da na rubuta, sai kunya ta rufe ni. Layi ya gangara kamar hanyar rafi, wani harafi ya hau wani. Na ce a raina, mutanen da suka mutu a hanyar Allah, a ce da wannan kacaniyar za a ajiye su?

"Gwaggo," na ce, "a bari ruwa ya janye, baƙi su koma gida. Kafin nan hannuna ya zauna, sai in sayo sabon kaye in rubuta su da kyau."

"Kyau? Aure za ka kai su?"

"Ai mutunci ne, Gwaggo."

Sai ta naɗe igiyar ta cusa a lalitarta, ta ce, "Nomau ke nan. Kalas, ya isa, Allah Ya kai mu."

Allah Ya kai ni, ita bai kai ta ba. Zazzaɓin ƙarshen damina ya kama ta, a kwana na biyu bakinta ya rufe. Na zauna kusa da ita da sabon kaye a cinyata, ina sa mata igiyar a hannu. Yatsunta suna bin ƙulle-ƙullen ɗaya bayan ɗaya, leɓenta na motsi, amma ba abin da ya fito. An ce sannu ba ta hana zuwa. Ni dai ta hana ni.

Yau da za ta leƙo, ban san da wane ido zan dube ta ba. Rubutuna ya yi kyau, har mutane na kawo mini wasiƙa in karanta musu. Ga shi ina rubutu a jarida. Amma sunaye ukun da na tsira da su suna nan cikin akwati, ba wanda ya karɓa. Watan jiya aka yi wa babban ɗana haihuwa a unguwar Habbena. Bayan fatiha na ja shi gefe na ce a ƙara wa yaron Magawata. Ya yi dariya har da riƙe ciki.

"Baba, don Allah ka tausaya wa yaron nan. Rayan sunansa, mun gama magana da uwarsa. In ya je lekol aka kira Magawata, ai sai ajin ya tashi."

"Bashin tafiya ne a wuyanmu."

"Tafiyar wa? Ba mu san fuskarsu ba, ba mu san kabarinsu ba. Kai da ka ɗauki naka shekara hamsin da huɗu, ina ka kai shi?"

Ban kai Nomau ko'ina ba. Nesa da na taɓa yi da gida ita ce Kusiri, ƙetaren gada. Kujerar jirgi ba ta mai tiren goro ba ce, kuma na daina yaudarar kaina. Tarana ma da ta girma ta hana a kira ta haka, sunanta na yanka, Fatime, take amsawa. In na manta na kira ta a gaban ƙawayenta, sai ta yi kamar da wata nake.

Ba na zargin yaran. Wanda bai ji labarin takalman Nomau daga bakin Gwaggo ba, me zai gani a sunan in ba abin dariya ba? Na gwada ba su labarin, amma a bakina ba ya da gishiri. Sunaye ukun da na rubuta kuwa ko labarinsu ban tsaya ta ba ni ba.

Igiyar na wurina. Kowace shekara in damina ta zo ƙarshe nakan fito da ita in lissafa. Ƙulli talatin da ɗaya. Goma sha tara an ba da su: goma sha uku sun mutu, biyu kaɗai a cikinsu suka ga Makka. Shida muna raye, huɗu sun yar da sunan, saura ni da wata ƙanwata a Toukra muke amsawa. Uku suna cikin kaye da karkataccen rubutu, babu mai so. Tara kuwa sun tafi da Gwaggo, ban san ko maza ne ko mata ba.