Dokar Baba Dunduniya

Surukina mai gyaran takalma ne. Shagonsa yana ƙarƙashin matakalar benen da muke haya, ɗan wuri ne da in ya miƙe hannuwansa zai taɓa bango da bango. Akwai benci, akwai ƙarfen nan mai siffar ƙafa da yake kifa takalmi a kai, da gwangwanayen ƙusa, da warin gam mai bin mutum har hawa na biyu. 'Yan unguwa suna ce masa Baba Dunduniya, domin in kuna gaisawa bakinsa ne kawai ke tare da kai, idonsa yana ƙasa yana duba inda takalminka ya cinye. Ranar da na fara gaishe shi ina ta sunkuyar da kai don kunya, ashe shi ma ƙasan yake kallo. Abin da ya fara faɗa mini a duniya shi ne, "Amarya, kina taka gefen ƙafar dama." Har yau Amarya yake ce mini, ga shi babbar 'yata ta kusa kamo ni tsawo.

Ba wanda ya gaya mini kafin aure cewa a gidan nan ba a barcin safe ranar Asabar. Duk mako Baba a duƙe yake a kan benci, amma Asabar ko wa ya zo da takalmi sai dai ya koma da abinsa. Da sassafe zai bi ƙofa-ƙofa yana ƙwanƙwasawa: "A fito da takalma!" A jera su a baranda, ya bi su ɗaya bayan ɗaya yana lanƙwasawa yana jan igiya. Wanda ya ga ɗinkinsa ya fara saki, nan take zai ɗinke. Inna, matarsa, ta cika fulas da shayi, mu kuma mu dafa ƙwai mu yanka burodi. Sai mu hau bas har inda kwalta ta ƙare. Daga nan wata siririyar turba take farawa, ta ratsa cikin bishiyoyi, ta bi gefen ƙorama, ta hau tudu, ta ƙare a kan wani faffaɗan dutse da ake hango tafki daga kansa.

Ni kuwa a gidanmu tafiya sai da dalili: kasuwa, asibiti, gaisuwa. A ce mutum da hankalinsa ya hau mota don ya je ya nemo gajiya, wannan ban taɓa ji ba. Na faɗa wa maigidana haka, kuma ban faɗa a hankali ba. Ya ce in je in faɗa wa Baba da kaina. Sai na ɗaura takalmina.

Tafiyar tana da doka guda, kuma Baba ne ya kafa ta. Wanda ya fi kowa jinkiri shi ke gaba, ba mai wuce shi. Shi kuma Baba yana can ƙarshe, da 'yar jakarsa mai basilla da zare da gam rataye a kafaɗa. Wanda dokar ta fi gasa wa aya a hannu shi ne maigidana, da duk gidan ke ce wa Dogo, mutumin da takunsa ɗaya ya yi biyun nawa. Sai ka gan shi a tsakiyar layi yana cije leɓe kamar mai jiran bas a rana. In yaro mai koyon tafiya ne a gaba, to ranar mun shiga uku. Ya tsaya kallon tururuwa, duk zuri'a a tsaya a kalli tururuwa. Ya tsuguna tsintar tsakuwa, a jira shi ya zaɓi wadda ta yi masa.

Na taɓa tambayar Baba dalili, muna zaune a kan dutsen yana kurɓar shayi.

"In mai sauri ya ja gaba," ya ce, "na baya ba yawo ya zo ba, bin sawu ya zo. Ba abin da zai gani sai ƙasa. Kuma da ya iso inda aka zauna hutawa, sai a ce to mu tashi. Kin ga shi bai huta ba, bai ga komai ba, mako mai zuwa kuma zai ce kansa na ciwo."

"To kai fa, Baba, me kake gani a baya?"

"Dunduniyarku. In mutum ya gaji ƙafarsa ke fara faɗa, bakinsa sai daga baya."

Ba dunduniya kaɗai yake gani ba. Shi ke tsince hular da ta faɗi da ledar da wani ya yar. Shi ke saɓa yaron da ya fara jan ƙafa tun kafin yaron ya fara kuka. Sau da yawa mukan waiga mu gan shi tsugune gaban wani baƙo da bai taɓa gani ba, yana ɗinke masa silifa, baƙon yana tsaye da ƙafa ɗaya yana godiya.

Lokacin da cikina na fari ya tsufa, aka sa ni a gaba. Kunya kamar in nutse. Ga surukai a bayana, ga Dogo yana huci a ƙeyata. Na dage ina sauri ina haki don kada a ce na tsare mutane. Sai na ji muryar Baba daga can baya: "Amarya, wa ke korarki?" Aka kwashe da dariya. Na sassauta. Ranar na fara ganin cewa ruwan ƙoramar nan har ƙananan kifaye ke cikinsa, kuma akwai wata bishiya da tsawa ta tsaga biyu amma kowane ɓari yana fitar da ganye. Na sha wucewa ta wurin ban taɓa lura ba. Ranar kuma na fara ƙaunar tsohon nan har cikin raina, ko da yake ban daina ƙorafin tashin sassafe ba.

Haka muka yi ta yi, yara suna girma suna komawa tsakiyar layi, ƙannensu suna karɓar gaba.

Sai bara, wata ranar Talata da hantsi, mai shagon kusa ya leƙa ya tarar da Baba ya zame daga kan benci, bakinsa ya karkace. Ɓarin jikinsa na hagu ne ya shanye. Allah ya sa an kai shi asibiti da wuri. Magana ta dawo, hannu ya dawo ko da yake ba kamar da ba, amma ƙafar sai ya ja ta. Likita ya faɗa mana a gabansa, ba ɓoye-ɓoye: ƙafar nan in ana taka ta za ta ƙara ƙarfi, in aka bar ta a kujera za ta sandare, kuma kujerar ce za ta zama gidansa.

Baba ya ji, ya gyaɗa kai, ya dawo gida ya zauna a kujerar. Daga ɗaki zuwa banɗaki, shi ke nan. In an ce ya sauko ko bakin titi ne, sai ya ce gobe. In Asabar ta zo, ya ce, "Ku je abinku, ni zan tsare gida." Mun san abin da ke cin sa. Mutumin da ya saba jiran kowa ba ya so a jira shi. Inna ta yi lallashi ta yi faɗa, Dogo ya kawo sanda mai ƙafafu uku, Baba ya rataye hularsa a kanta. Ina kallon ƙafar tana ƙara nauyi mako bayan mako, abin yana damuna ƙwarai.

Mun daina fita na ɗan lokaci. Da yara suka ishe mu da naci, sai Dogo ya ce a je, shi zai jagoranta. Ya kuwa jagoranta. Tun kafin mu kai ƙorama ya ɓace mana, manyan yaran suka bi shi a guje, ƙananan suna kuka a tsakiya, ni ina ihun kiran wannan ina jan wancan. Inna, da nauyin jikinta da gwiwarta, ta yi ta kokawa a baya ita kaɗai don kada a ce ta gaza. Da ta iso dutsen shayi ya huce, Dogo har ya fara naɗe tabarma. Haka muka juya muka nufi bas.

Muna shiga gida muka tuɓe takalma a bakin ƙofa. Baba yana kujerarsa, idonsa ya sauka a kansu kamar yadda ya saba. Ya ce a miƙo masa na Inna. Ya juya shi, ya shafa cikinsa da babban yatsa, sannan ya dubi ƙafarta, inda fata ta saluɓe a dunduniya.

"Wa ya sa ki gudu?" ya tambaye ta.

Bai jira amsarta ba. Ya juya kan Dogo. "Kai! Uwarka ka bari a baya? Ina dokar?"

Dogo ya sunkuyar da kai. Ni kuwa bakina ba ya iya zama, kowa ya san wannan.

"Baba, ai ba shi ya fara karya dokar ba."

Inna ta zaro mini ido.

"Doka ta ce wanda ya fi kowa jinkiri shi ke gaba," na ce. "To wanda ya fi kowa jinkiri a gidan nan ya ƙi zuwa. Wa za mu bi?"

"Wannan dokar ta yara ce da masu ciki."

"Ba haka ka faɗa ba, Baba. Ni da aka sa ni a gaba, kunya ta kusa kashe ni, ba wanda ya tambaye ni ko ina so. Ka ce wa ke korata. To kai wa ke korarka?"

Ya daɗe yana kallona. Na ce a raina yau na jawo wa kaina. Sai ya kawar da kai ya ce wa Inna ta jiƙa ƙafarta a ruwan ɗumi.

Ranar Alhamis ina saukowa zan tafi aiki na ga ƙofar shago a buɗe, karon farko tun da ya kwanta. Yadda ya sauko matakalar shi kaɗai, Allah ne ya sani. Yana zaune a benci, ya kifa takalminsa na hagu a kan ƙarfe, yana manna masa wani yankin roba mai kauri a baki, daidai inda ƙafar ke gogar ƙasa in ya ja ta. Hannun hagun yana kakkarwa, ya danne takalmin da gwiwa. Na gaishe shi na wuce da sauri don kada ya ga idona.

Asabar da sassafe muka ji ƙwanƙwasa, da sandar nan mai ƙafafu uku. "A fito da takalma!"

A bakin turba kowa ya tsaya yana jira. Baba ya cire jakar daga kafaɗarsa. Dogo ya miƙo hannu, Baba ya wuce shi ya rataya mini.

"Ke ce baya," ya ce. "Tunda bakinki ya iya, mu ga idonki."

Ya shiga gaba. Ya dafa sanda, ya taka, ya jawo ƙafar, ya tsaya, ya sake. Ban taɓa ganin layin nan ya tafi a hankali haka ba, kuma ban ji ko yaro ɗaya ya yi ƙorafi ba. Dogo yana bayansa daf, ya haɗe hannuwa a baya, yana ƙirƙiro ƙananan taku. Da farko Baba sai waige yake yi, har Inna ta ce, "Malam, ka kalli gabanka, bayan yana da mai shi."

Ranar ba mu kai dutse ba, ko tudun ba mu fara hawa ba. Iyakarmu bishiyar nan da tsawa ta tsaga. Daga baya nake ganin komai: hular ƙaramin ɗana da ta faɗi, gwiwar Inna da ta fara ciwo, da dogon layin da robar takalmin Baba ke shatawa a ƙasa, yara suna tsallake shi don kada su taka.

Da ya kai gindin bishiyar ya tsaya yana mayar da numfashi, gumi ya jiƙa masa riga. Bai waigo ba. Ya ɗaga murya yadda na can ƙarshe zai ji.

"Amarya, kowa yana nan?"

Na dubi dunduniyoyin da ke gabana ɗaya bayan ɗaya, har zuwa tasa.

"Kowa yana nan, Baba."