Maɓallin Sajan

Shekara ashirin da biyu Sajan ya yi yana tuƙa motar soja, gwiwar hannunsa jingine a kan ƙarfen taga. Da ya yi ritaya ya buɗe shagon ɗinki, kuma ko maƙiyinsa ya san ɗinkinsa ba ya warwarewa. Sai dai ƙarfen nan ya bar masa tsaraba: jijiya ta matse a gwiwar, ƙaramin yatsa da na kusa da shi suka sage. Almakashi ya fara suɓuce masa.

Tiyata ce maganin, amma asibitin tsofaffin soja ba ya yi sai kwamitin likitoci ya auna nakasar ta kai kashi talatin cikin ɗari. Sau biyu yana zuwa. Da an ce, "Yaya hannun?" sai ya ƙame, ya turo ƙirji.

"Lafiya lau, yallaɓai!"

Haka aka horar da shi, soja ba ya kai ƙarar jikinsa. Su kuwa suka rubuta kashi goma, suka sallame shi. Mutumin kirki ne ƙwarai, amma taurin kansa ya isa a fasa dutse da shi.

A karo na uku matarsa, wadda yake tsokana da Kwamanda, ta yafa mayafi ta bi shi. Ita ke saka masa maɓallan riga kullum da safe, shekara biyu ke nan, ko 'ya'yansu ba su sani ba.

Likita ya yi tambayar da aka saba. Sajan ya ja numfashi zai ƙame, sai ta miƙa hannu ta cire masa maɓallin wuya.

"Maigida, mayar da shi."

"Haba Kwamanda, a gaban mutane?"

"A gabansu."

Ya kama. Maɓalli ya zille. Ya sake kamawa, yatsun nan biyu na lilo kamar ba nasa ba, gumi na tsatsafo masa. Tela guda, wanda ya ɗinka rigar da kansa! Tausayinsa ya kama ta har ta kau da kai, amma ba ta taimaka ba.

Can ya sauke hannun. Ya dubi likita, murya ƙasa-ƙasa.

"Yallaɓai, hannun nan ba lafiya. Ya daɗe."

Likita ya jawo takarda ya rubuta arba'in.

A baranda ta tsaya ta saka masa maɓallin. Ya daɗe yana kallonta, sannan ya ɗaga hannun nan mai ciwo ya sara mata.