Ƙwai ko Cuku

Doña Gumersinda Zeledón ta yi furfura a madafin wani gidan jiran haihuwa a garin Jinotega, inda 'yan matan ƙauyukan kan tsauni suke sauka idan cikinsu ya tsufa. A gonar kofi ta tashi, ta yi haihuwar fari tana da shekara goma sha huɗu. Aka ba gwaggonta jaririn, ba wanda ya tambaye ta.

Duk Laraba wata malama takan zo ta koya wa yaran bambanta tsoro da fushi, da yadda ake yanke shawara. Gumersinda tana saurare daga bakin murhu, ta ɗauki nata rabon aikin. Kowace safiya sai ta tambayi kowace yarinya: “Ƙwai ko cuku?”

Yorlenis, 'yar shekara goma sha biyar, ta sunkuyar da kai. “Yadda kika ce, Doña.”

“Ni zan ci miki? Wainar masara tana hucewa, sarauniya.”

“To… cuku.”

“Ashe da harshe a bakin!”

A hankali Yorlenis ta saba zama kusa da murhun. Nan ta faɗi abin da ke cinta: mahaifiyarta, Doña Reyna, tana so in an haihu a rubuta jaririn a matsayin ɗanta, Yorlenis kuwa ta koma makaranta kamar ba a yi komai ba.

“Ke me za ki yi, Doña?”

Amsar tana bakin Gumersinda tun ƙuruciyarta. Ta haɗiye ta, ta juya waina. “Cikin naki ne, 'yata. Wanne ya fi ba ki tsoro, ba da shi ko riƙe shi?” Yarinyar ta daɗe tana magana, tana kuka, tsohuwar ba ta katse ta ba.

Ranar Lahadi Doña Reyna ta sauko a motar madara. Gumersinda ta ba uwa da 'ya kujera, ta juya musu baya tana tsince wake.

“Mama,” in ji Yorlenis, “ki riƙe min shi da rana, in ina makaranta. Amma sunana za a rubuta a matsayin uwarsa.”

“Ke da ko wanki ba ki iya ba?”

“Sai ki koya min.”

Doña Reyna ta daɗe tana kallon cikin Yorlenis. Can ta ja tsaki, ta gyara wa 'yarta mayafi. “Za ki ci ƙaniyarki da tashin dare. Kada ki tashe ni.”