Indai Lulong, Wadda Ba Ta Mai da Baƙo

Ranar Lahadi, tun hazon safiya bai gama ɗagawa daga kan kogi ba, Indai Lulong take gangarowa da tsintsiya a hammata daga dogon gidanmu, inda duk ƙauyen ke zaune ƙarƙashin rufi ɗaya. Ta buɗe ɗan cocinmu na Metodis, ta share kashin jemagu, ta goge littattafan waƙa da suka sha danshi, ta cika 'yan kofuna da ruwan inabi marar sa maye in ranar Jibin Ubangiji ce. Sai ta tsaya a bakin ƙofa. Tun muna yara a nan muka gan ta, ga shi har mun yi furfura. A watan nan ta ce gwiwa ta gaji, za ta sauka daga aikin, alhali ko sunanta ba a taɓa ambata a gaban taro ba. Wannan yana ci mini rai.

Baƙi su ne aikinta. Ta kan zaunar da baƙo kusa da ita, tana yi masa raɗa: "Kwantar da hankalinka, ɗana. Waƙa za mu yi, mu yi addu'a, a karanta Littafi, fasto ya yi wa'azi, mu sake waƙa har ka gaji. In na tashi ka tashi, in na zauna ka zauna. Jakar baiko, wato ta sadaka, in ta zo ba ka da komai, miƙa ta gaba, ba mai leƙa hannunka. In kuma barci ya sace ka, to dattijon can Apai Bantin ya riga ka."

Amma ranar Cendai ce ba za mu manta ba. Cendai 'yar wani dogon gida ce can saman kogi, inda suke riƙe da al'adar kakanni. Kwalekwale ya kife da mijinta Nyanau, ba a ga gawarsa ba, don haka ba a yi masa jana'iza ba. Tun daga lokacin take cewa yana biye da ita. Ta daina cin abinci. Ba sau ɗaya ba aka jawo ta daga kogi, ruwa ya kai mata ƙirji.

Ran nan ana shirin fara sujada sai ga ta a ƙasan matakalar coci, ta rame ta zama ƙashi da fata. Karnukan da ke kwance a wurin suka tashi suka bar gurin ba ko haushi.

"Shigo mana, 'yata," in ji Indai Lulong.

"Ba ni kaɗai ba ce, Indai. Yana bayana. In ba a barin irinsa su shiga, sai mu koma kogi tare."

Wasu dattawa suka fara gyaran murya, wani ya tafi kiran fasto. Indai Lulong ko waiwaye ba ta yi ba. Ta ɗauki littafin waƙa biyu, ta ce, "To ku shigo, kuna tare wa mutane hanya. Shi ma baƙo ne."

Ta zaunar da Cendai, ta ajiye littafi ɗaya a gefenta a kan bencin, ta shiga raɗarta yadda ta saba: yanzu a tashi, yanzu a zauna. Muka yi waƙa. Da fasto ya ce teburin Ubangiji a buɗe yake ga duk mai so, ta kama hannun Cendai suka durƙusa a gaba. Ɗan gutsuren burodin Jibin da aka ba ta shi ne abu na farko da aka ga ya wuce maƙogwaron matar.

Da aka sa albarka, Cendai ta kai ƙofa, sai ta tsaya cak, ta juya.

"Indai, bai taso ba."

"Ƙyale shi, ya samu wurin zama. Ke zo mu je, akwai shinkafa da kifi."

Ni na tattara littattafai a ranar. Wanda aka ajiye a gefenta sharkaf yake, bencin ma haka. Fasto ya ce rufi ne ke yoyo. Ban yi masa musu ba, amma ba a yi ruwa ba a makon. Cendai kuwa ta ci abinci har da ƙari, yau tana nan da jikokinta.

Na taɓa tambayar Indai Lulong ko ta gan shi. Ta harare ni. "Kai ma da shashanci. Ina na samu lokacin duba shi? Idona a kan mai rai yake."

Ke ce ƙofar cocin nan, Indai. Ke ce wadda ba ta tsaya yi wa mai baƙin ciki gyaran magana ba sai da ta ga ta ƙoshi. Mun gode, Allah ya huta gajiya, ya sauƙaƙa miki gwiwar nan. Ku kuma matasan da za ku gaji wurinta, wata rana wani zai zo da abin da zai firgita ku. Kada ku ruga neman fasto ku bar shi tsaye a ƙasan matakala, don kafin ku dawo ya juya, kogi kuma ba shi da nisa.