Anti Veronica, Mai Koyar da Faɗuwa

Kowace Juma'a, ranar hutunta, Anti Veronica kan sauka daga bas a unguwar Najma, nan ƙasar Larabawa da muke ci-rani, da tabarmar roba a hammata. Ma'aikaciyar gashin ƙashi ce, 'yar Kafanchan. Ɗaki-ɗaki take bin 'yan uwanmu da suka nakasa a bakin aiki, waɗanda ƙungiyarmu ta 'yan Arewa ke tallafa wa da abinci da haya. Ni ke kai abincin, shi ya sa na ga abin da na gani.

A tsakiyar korona ƙarfe ya faɗo wa wani ɗan uwanmu, Baballe, a wurin gini, aka yanke masa ƙafa daga ƙasan gwiwa. An sa masa ta roba, amma ya ƙi tashi. Tsoro yake ji: in ya nuna ya warke a janye tallafi, aikin kuma bai samu ba. Ga kafil, ubangidan da ya ɗauki nauyin zamansa a ƙasar, ya ce in katin zamansa ya ƙare bai sami wani aiki ba, sai gida.

Anti ta fara da shugabannin ƙungiya. Ta ce, "Kada ku yanke masa tallafi ranar da ya fara aiki. Ku bari sai ya zauna da gindinsa." Suka yi ta muhawara, ba ta tashi ba sai da suka yarda.

Sannan ta shimfiɗa tabarma a gaban Baballe, ta mai da hannayenta baya.

"Faɗi."

"Anti, ni fa tafiya nake son koya."

"Tafiya ko ɗan yaye ya iya. Faɗi, ƙanena. Yalla, maza!"

Watanni yana faɗuwa yana tashi, yana ce mata marar tausayi. Ko sau ɗaya ba ta miƙa masa hannu ba.

Dab da gasar kofin duniya, katinsa na shirin ƙarewa, wani otal a unguwar Al Mirqab ya kira shi gwajin aikin karɓar baƙi. Muka raka shi. An goge daɓen bai bushe ba. Taku kaɗan, ƙafar robar ta zame, ya zube a gaban manaja. Na zabura.

"Kada ki taɓa shi," in ji Anti a hankali.

Ina tsaye a bayanta. Na ga yatsunta sun damƙe juna, farce ya nutse cikin fata. Manaja ya riga ya fara girgiza kai.

Baballe ya mirgina, ya kafa gwiwa, ya miƙe, ya gyara kwalar rigarsa. Ya ce da Larabci, "Ranka ya daɗe, a busar da wurin nan kafin baƙi su iso. Su ba a koya musu faɗuwa ba."

Manaja ya gyaɗa kai. "Khalas, shi ke nan. Gobe ka fara."

Anti, ke ce kika san cewa ba kowane lokaci ɗaga mutum ke taimakonsa ba. Ke ce kika ɓoye tausayinki a bayanki, inda ba mai gani, har ya ji miki ciwo. Jarumar Najma, mun gode. Allah Ya saka miki, Ya kai ki Kafanchan lafiya tunda kin ajiye aiki.

Mu kuma da muka rage, kada taimakonmu ya tsaya a buhun shinkafa. Mu zauna da mutum har ya miƙe. Tabarmar tana nan. Baballe ne ke yawo da ita yanzu ranar Juma'a, hannayensa a baya.